Ɗan Ƙyallen Wuyan Riga: Yadda Ake Karanta Tarihin Gidan Dior Daga Tambarinsa

Duk wanda ya saba tsugunawa gaban tulin gwanjo ya san inda hannu yake fara kaiwa: wuyan riga. Kafin a duba ɗinki, kafin a murza yadi a ji laushinsa, sai an juya wuya an karanta ɗan ƙyallen nan da aka ɗinka a ciki, wanda bai fi tsawon yatsa ba. Idan aka yi dace, wata rana sai a ci karo da nektai ko shat mai ɗauke da sunan Christian Dior, mai kaya kuma ya sallama a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Can kuma a Paris ko Landan, a irin gidan gwanjon da ake buga guduma, wata riga mai wannan suna sak takan tashi a kan kuɗin da zai sayi gida. Hausa dai kalma ɗaya ta ba wuraren biyu, kuma ba ta yi ƙarya ba, tunda duka kayan da wani ya sa ya tuɓe ne. Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne, yana yiwuwa nektai ɗin da rigar duka na gaske ne, babu jabu a cikinsu. Yadda aka yi suna ɗaya ya hau kaya biyu masu nisan sama da ƙasa, shi ne tarihin gidan.

Sa suna a cikin riga ba tsohuwar al'ada ba ce. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, maɗinki a Turai kamar telan unguwa yake: mai kaya za ta sayo yadinta, ta faɗi yadda take so, shi kuma ya yanka ya ɗinka ya karɓi ladansa. Wanda ya juya wannan lissafi wani ɗan Ingila ne, Charles Frederick Worth, da ya buɗe shago a lamba 7, titin la Paix a Paris a 1858 tare da abokin kasuwancinsa ɗan Sweden, Otto Bobergh. Worth shi yake zana abin da ransa ya so, a nuna wa matan masu hali, su zaɓa daga ciki. Da Eugénie, matar Sarki Napoleon na Uku, ta fara sa kayansa, sai kasuwa ta buɗe, kuma yana cikin na farko da suka riƙa buga sunansu a jikin ɗamarar cikin riga.

Suna na yin kuɗi, ɓarawonsa ya bayyana. Da Paul Poiret ya je Amurka a 1913, ya tarar da kaya a shaguna ɗauke da sunansa waɗanda bai taɓa gani ba. Ƙyallen tambarin ma kansa saƙa shi ake yi a can ana sayar wa masu shaguna, su liƙa a kan abin da suka ga dama. Madeleine Vionnet, wadda ta fi kowa tsanar masu kwaikwayo, sai ta koma dangwala yatsanta a kan tambarin kayanta a shekarun 1920, ban da sa hannu da lamba, kuma tana ɗaukar hoton kowace riga ta gaba da ta baya da ta gefe tana adanawa saboda ranar shiga kotu. A cikin wannan yanayi na tsoron sata Dior ya buɗe nasa gidan.

An haifi Christian Dior a garin Granville da ke gaɓar tekun Normandy a 1905. Bai shigo sana'ar da wuri ba. Sai da ya yi cinikin zane-zane, arzikin mahaifinsa ya rushe, sannan ya koma zanen tufafi a gidajen wasu, na ƙarshe gidan Lucien Lelong. Wanda ya zuba masa jari shi ne Marcel Boussac, attajirin masaƙun auduga, mutumin da ya bunƙasa dukiyarsa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta hanyar saye ragowar yadin da ake rufe fikafikan jiragen sama da shi, yana mayar da shi riguna. Boussac ya so Dior ya farfaɗo masa da wani tsohon gidan ɗinki da ya sukurkuce, Dior ya ce shi dai sabon gida yake so, da sunansa. Aka kafa kamfanin a watan Disamba 1946 a lamba 30, titin Montaigne. A riƙe wannan a zuciya: tun daga ranar farko, sunan na Dior ne, kuɗin na Boussac.

Ranar 12 ga Fabrairu 1947 aka nuna kayan farko, samfuri 90. Kafaɗa a zube, ƙugu a tsuke, siket mai tattara da ya sauko har ƙwauri yana cin yadi kamar ba a san tsadarsa ba. Editar mujallar Harper's Bazaar, Carmel Snow, ita ta laƙaba wa salon sunan da ya bi shi, New Look, wato sabon yayi. Ba kowa ya yi murna ba. A Ingila har zuwa 1949 da kati ake sayen tufafi, a Amurka kuma wasu mata sun kafa ƙungiya suna zanga-zangar ƙin dogon siket. Masu lura ba su kasa gane cewa mai masaƙa ne ya ɗauki nauyin yayin da ke cinye yadi ba.

To me ake rubutawa a tambarin irin waɗannan kaya? Nan ne ya kamata a daɗe.

Kayan da ake ɗinkawa a cikin gidan na titin Montaigne su ne ake kira haute couture da Faransanci, ɗinkin ƙoli ke nan. Wannan ba kirari ba ne da kowane tela zai yi wa kansa; tun 1945 doka ce ke tsare kalmar a Faransa, kuma duk shekara ake sabunta jerin gidajen da aka yarda su yi amfani da ita. Sharaɗin shi ne a auna mai kaya, a yi mata gwaji, a ɗinka a ɗakin ɗinki da ke Paris, sannan gidan ya nuna sababbin kaya sau biyu a shekara. Ɗakunan iri biyu ne: masu aikin yadi mai taushi kamar siliki, da masu aikin kwat da yadi mai kauri. Mai sayen da ta saba da gidan har mutum-mutumin ƙyalle ake cusa wa auduga daidai jikinta a ajiye da sunanta, don kada a riƙa wahalar da ita da zuwa awo. Yawancin aikin da hannu ne, kuma riga ɗaya takan ci ɗaruruwan sa'o'i.

Tambarin irin wannan riga a shekarun 1950 farin ƙyalle ne da baƙin rubutu: sunan Christian Dior, kalmar Paris, sai zangon shekara da shekarar kanta, misali Printemps-Été 1950, wato kayan bazara da zafi, ko Automne-Hiver 1955, na kaka da hunturu. Sannan akwai lamba da aka buga da tawada. Lambar nan ita ce ran tambarin, domin tana komawa ga littafin gidan inda aka rubuta wace riga ce, kuma wa aka yi wa. Kowane samfuri ma da sunansa kamar ɗan Adam: Bar, Chérie, Junon, Vénus. Rigunan da 'yan tallan kaya suka sa a ranar nuni kuwa, sau da yawa wani siririn zaren ƙyalle ake ɗinka musu a ciki, a rubuta suna da lamba da hannu. Ga wanda ya san kan abin, wannan rubutun hannu da bai da kyan gani ya fi saƙaƙƙen tambari daraja.

Amma matan da za su iya biyan kuɗin irin wannan ɗinki ba su da yawa, kuma ba su kaɗai ne ke riƙe da gidan ba. Babban ciniki yana wajen masu manyan kantuna da masana'antun Amurka. Waɗannan sukan zo Paris sau biyu a shekara, su biya kafin alƙalami tun kafin a bar su su zauna a ɗakin nuni, daga baya a cire daga kuɗin abin da suka saya. Abin da suke saya kuwa ba riga ba ce kawai, izinin kwaikwayo ne. Wani ya sayi rigar kanta, wani ya sayi gwajinta da aka ɗinka da akoko, wani kuma takardar yanka, tare da bayanin inda aka sayo yadi da maɓalli. Su koma gida su warware ɗinkin, su kwafa ɗinki bayan ɗinki. Kantin Ohrbach's na New York ya yi suna a wannan harka, yana sayar da kwafin kayan Paris a kan ɗan kaso na kuɗin asali. Saboda haka akwai riguna da aka ɗinka nesa da Paris da yardar gidan, wasu ma da tambari mai cewa Patron Original, ma'ana an bi takardar yanka ta asali amma hannun wani ne ya ɗinka.

Me ya sa gida zai sayar da izinin a kwaikwaye shi? Saboda ko bai sayar ba za a kwaikwaya. Dokar Faransa tana kare zanen riga, ta Amurka kuwa ba ta ɗauki yankan tufafi a matsayin abin da ake mallaka kamar littafi ba. Akwai masu shiga ɗakin nuni su haddace abin da suka gani, su fita su zana, kafin mako ya zagayo zanen ya ƙetare teku. Dior ya hana zane da ɗaukar hoto a wajen nuni, aka sa wa 'yan jarida wa'adin makonni kafin su buga hotuna, har ya riƙa yi wa kayansa alama da tawadar da ido ba ya gani sai an haska wata fitila ta musamman, don a gano ta hannun wa riga ta sulale. A 1955 shi da wasu gidaje suka maka wani Frederic Milton a kotun New York, mutumin da ke raba wa masu biyansa zanen sababbin kayan Paris, kuma a 1956 kotu ta yarda cewa ƙarar tana da tushe. Duk da haka ba a toshe ɓarakar ba. Abin da shugabannin gidan suka gane shi ne, yanka da salo ba su kamuwa, amma suna yana kamuwa, domin satar tambari laifi ne a ko'ina. A ganina nan ne akalar ta juya: daga nan kadarar gidan ta tashi daga kan almakashi ta koma kan ɗan ƙyallen.

Manajan gidan, Jacques Rouët, shi ya gina abin da ya biyo baya. A 1948 aka buɗe reshen New York a titin Fifth Avenue, inda ake yin ɗinkakkun kaya masu tsada daidai jikin matan Amurka, tambarinsu yana cewa Christian Dior New York. A 1952 aka kafa na Landan. Kantin Holt Renfrew ya samu izinin Kanada, Daimaru ya samu na Japan a 1953, wasu kuma a Ostireliya da Mekziko da Kyuba, kowa da irin tambarinsa, sau da yawa da sunan kantin a gefen na Dior. Sai aka shiga bayar da lasisi: safar mata, sannan nektai a 1950. Ƙungiyar gidajen ɗinki ta Paris ta ga wannan a matsayin zubar da girma. Ba a daɗe ba kusan duk membobinta suka bi sahu. Daga 1955 wani kamfanin Jamus da ke Pforzheim, Henkel & Grosse, shi ke ƙera sarƙoƙi da 'yan kunne na ado da sunan Dior, kuma a shekaru da dama yana buga shekarar ƙira a bayansu, abin da masu tara kayan da suke gode masa a yau. Mutum ɗaya da aka yi wa alfarma ta daban shi ne maƙerin takalma Roger Vivier, wanda aka riƙa buga sunansa tare da na Dior a cikin takalmi.

Sai mai sunan ya rasu. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Montecatini ta Italiya a watan Oktoba 1957, yana da shekara 52, shekara goma kacal bayan nunin farko. Aka ɗora mataimakinsa Yves Saint Laurent, saurayi ɗan shekara 21. Kayansa na farko a Janairu 1958 sun samu karɓuwa sosai, amma ba za ka ga sunansa a wuyan rigar ba. Tambarin bai canja ko harafi ba. Abin da kaɗai zai gaya maka cewa riga aikin Saint Laurent ce shi ne kwanan watan: daga bazarar 1958 zuwa kakar 1960, zango shida. A 1960 aka kira shi aikin soja lokacin yaƙin Aljeriya, aka ba Marc Bohan kujerarsa. Bohan ya yi shekara 29 yana jan ragamar gidan, kusan ninki uku na zaman Dior da kansa, a ƙarƙashin sunan wani. Shi ya sa dillalan tsofaffin kaya suke fara duba shekara kafin komai, domin tsakanin 1957 da 1958 da 1961 hannu uku ne daban-daban, farashi ma uku ne.

A zamanin Bohan tambura suka hayayyafa. A 1967 aka fito da Miss Dior, ɗinkakkun kaya na 'yan mata masu sauƙin kuɗi, da Baby Dior na yara; a 1970 aka ƙara Christian Dior Monsieur na maza. Lasisi kuwa ya zama saniyar tatsa. Masaƙun Boussac sun fara durƙushewa saboda yadi mai araha da ke shigowa daga waje da kuma zaren roba da Boussac ya ƙi runguma da wuri. Ɓangaren turare ya fita daga hannunsa tun 1968, ya koma wajen kamfanin Moët, sunan ɗaya ya zama mallakar kamfanoni biyu. A 1978 daular Boussac ta karye, har dawakin sukuwarsa sai da aka sayar wa Aga Khan. 'Yan'uwan Willot da suka karɓa su ma suka faɗi a 1981. Duk tsawon wannan lokaci kuɗin lasisi ne ke shigowa ba tare da an taɓa allura ba, don haka aka yi ta sa hannu. Zuwa shekarun 1980 lasisin sun haura ɗari biyu: shat, kwat, tabarau, kayan barci, jakunkuna, ana yin su a masana'antun ƙasashe daban-daban. Nektai ɗin cikin gwanjo galibi ɗan wannan zamani ne. Ba jabu ba ne, an biya haƙƙin sunan. Kawai dai babu wanda ya taɓa shi a titin Montaigne.

Mai sayen atamfa ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Ita ma gefenta ake buɗewa a karanta kafin a yi tayi, kuma kowa ya san rubutun gefe yana iya faɗin gaskiya, yana iya faɗin rabinta.

A 1984 wani matashin ɗan kasuwar gine-gine, Bernard Arnault, ya karɓi ragowar kamfanin Boussac da amincewar gwamnatin Faransa. Bai ɓata lokaci ba ya rabu da yawancin masaƙun da sauran rassan, dubban ma'aikata suka rasa aiki, ya riƙe Dior da kantin Le Bon Marché. Masaƙun da suka haifi gidan sun tafi, sunan da suka ɗauki nauyi shi ya rage, kuma a kansa Arnault ya taka har ya mallaki LVMH, rukunin kamfanonin kayan alatu da ya haɗa da Moët. Lissafinsa kishiyar na magabatansa ne: araha ba ta ado, kuma sunan da ake samu a kowane kanti ba zai daɗe da tsada ba. Cikin shekarun 1990 aka yi ta soke lasisi ana dawo da ƙira da sayarwa ƙarƙashin gidan. Gianfranco Ferré ya karɓi kujerar zanen gidan daga Bohan a 1989, John Galliano a 1996 har aka sallame shi a 2011 saboda kalaman ƙin jinin Yahudawa, Raf Simons a 2012, sai Maria Grazia Chiuri a 2016, mace ta farko. A 2017 LVMH ya sayi ɓangaren ɗinki a kan Yuro biliyan 6.5, turare da tufafi suka sake kwana ɗaki ɗaya bayan kusan shekara hamsin.

Masu tantance tsofaffin kaya ba sa tsayawa a kan tambari shi kaɗai, domin cire shi daga yagaggiyar riga a mayar kan wata aikin minti biyar ne. Sukan juya rigar ciki-waje. Bakin ɗinki da hannu aka dalle shi ko da keke? Zif ɗin ƙarfe ne ko roba? Akwai ɗamarar ciki da ke riƙe ƙugu? Shafin cikin rigar ya dace da zamanin? Rigar da ke iƙirarin 1952 amma tana ɗauke da ƙyallen bayanin wanki irin na Amurka ta tona asirin kanta, domin sai a 1972 dokar can ta wajabta shi. Haka kuma ƙyallen ƙungiyar ƙwadagon maɗinkan Amurka yana nuna a can aka ɗinka, ko da kalmar Paris tana kusa. Akasin haka ma yana faruwa: rigar asali da ba ta da tambari ko kaɗan, saboda wasu matan Amurka sukan cire shi kafin su iso kwastan don kauce wa haraji.

Akwai kuma abin da tambari bai taɓa faɗa ba, ko a da ko a yanzu: sunan wadda ta riƙe allurar. A watan Yuni 2024 wata kotu a Milan ta sa wani reshen Dior na Italiya ƙarƙashin kulawarta, bayan masu bincike sun gano cewa wasu ƙananan masana'antu da ake ba kwangilar haɗa jakunkuna suna aikatar da ma'aikata cikin mummunan yanayi. Takardun shari'ar sun nuna ana biyan ɗan kwangila Yuro 53 kuɗin haɗa jakar da ake sayarwa Yuro 2,600 a kanti. Ba a tuhumi reshen da laifin aikata ta'asar da kansa ba, sakacin sa ido aka ɗora masa, kuma an ɗage kulawar a farkon 2025 bayan gyare-gyaren da ya yi. Jakunkunan dai a Italiya aka haɗa su, don haka rubutun da ke cikinsu bai yi ƙarya ba.

Haruffan sunan ma sun sha gyara. A 2018 aka koma rubuta DIOR da manyan baƙaƙe zalla. A 2025 kuma aka naɗa Jonathan Anderson, ɗan Ireland ta Arewa, wanda aka damƙa wa kayan mata da na maza da ɗinkin ƙoli gaba ɗaya. Cikin abubuwan da ya fara taɓawa har da tambarin: ya dawo da babban D da ƙananan haruffa, irin rubutun da gidan ya fara da shi a 1946. An haifi Anderson a 1984, shekarar da Arnault ya sayi kamfanin, shekara 27 bayan an binne mai sunan.